Raya Kurmin Bakin Gulbi da Hannun Jama'arsa: Nazari a kan Kwarin Gulbin Zamfara

Gabatarwa

Gulbin Zamfara yana ɗaya daga cikin manyan rassan da ke ciyar da Gulbin Sakkwato. Yakan ratsa ƙasar Anka da ta Bukkuyum da ta Gummi, ya shiga Jihar Kebbi ya bi ta Jega, kafin ya haɗu da uwar gulbin a kudu da Birnin Kebbi. Garuruwan wannan yanki, ciki har da Nasarawar Burkullu ta ƙasar Bukkuyum, rayuwarsu ta rataya ne a kan abubuwa uku waɗanda ba su rabuwa, watau ruwan gulbi, da fadamar da yake malalawa, da kuma kurmin da ke tsaye a bakinsa. Manomi da makiyayi da masunci duk daga nan suke ci.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda kurmin bakin gulbi ke lalacewa da kuma yadda ake iya mai da shi. Za a nuna cewa daji irin wannan yana farfaɗowa ne sa'ad da mutanen da ke ci daga jikinsa suka sami hakki tabbatacce a kansa, suka tsara wa kansu doka, hukuma kuma ta tsaya a bayansu. Za a kafa hujja da misalai uku: dausayin Haɗeja da Nguru, da gonakin Maraɗi, da kuma aikin kwashe gubar dalma da aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum su kansu.

Aikin Kurmi a Jikin Gulbi

Abin da ake nufi da kurmi a nan shi ne duhuwar itatuwa da ciyayi da ke bin gaɓar gulbi, inda akan sami giyayya da kanya da ɓaure da tsamiya da giginya, ƙarƙashinsu kuma ga gamba da jema da sauran ciyayi masu dogayen saiwoyi. Amfanin wannan duhuwa ya wuce inuwa da itacen girki.

Da fari dai saiwoyin itatuwa su ne ke riƙe da gaɓa. Idan aka sare su, ruwan damina yakan riƙa cin gaɓar daga ƙasa har ta rufta, gulbi ya ƙara faɗi, gonar da ke bakinsa ta tafi. Ƙasar da ta zube kuwa ba ta ɓacewa, a cikin gulbin take kwanciya, ta cike guraben da kifi ke fakewa da rani. Gulbin da ya cike da rairayi ba ya iya ɗaukar ruwan da yake ɗauka a dā, saboda haka ruwa kaɗan ya isa ya sa shi ambaliya.

Na biyu, ciyawa da ganyen da ya ruɓe a ƙarƙashin itatuwa sukan rage gudun ruwan sama, su ba shi damar nutsewa. Wannan ruwa da ya nutse shi ne ke tsayawa a ƙarƙashin fadama, daga gare shi ne mai noman rani ke samun abin ban ruwa, rijiyoyin gari kuma su kai bazara ba su ƙafe ba. Na uku, tarwaɗa da karfasa da sauran kifaye sukan bi ruwan da ya malala cikin ciyawar fadama su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma a can kafin ruwa ya janye. Inda aka nome ciyawar har bakin ruwa, an rushe wa kifi wurin haihuwa ke nan.

Ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a watan Agusta na 2024, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu, ta isa ta tunatar da kowa ƙarfin wannan gulbi. Kurmi ba ya hana ruwan sama sauka da yawa, amma yana rage saurin isowarsa gulbi, yana kuma rage ɓarnar da yake yi wa gaɓa.

Yadda Riƙon Daji ya Kuɓuce wa Jama'a

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa ba ta rasa tsarin kula da daji da ruwa ba. Akwai hurumi, watau filin da aka keɓe a kewayen gari ko mashaya wanda ba mai ikon nome shi. Akwai burtali da makiyaya domin dabbobi. Sarkin Ruwa shi ke faɗin ranar da za a shiga gurbi a yi su da ranar da za a fita. Shari'ar Musulunci ta ƙarfafa wannan tsari, domin malaman fiƙihu sun yi bayanin harimin rijiya da na kogi, da kuma hima, wadda ita ce makiyayar da shugaba ke keɓewa domin amfanin jama'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa. Har yanzu ana ganin ragowar wannan al'ada a Argungu, inda ake hana su a Matan Fada har sai lokacin biki, bikin da Hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Dokar Gandun Daji a 1916, aka shata dazuzzuka aka danƙa yawancinsu ga En'e. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙara da Dokar Makiyaya a 1965. Wannan tsari ya tsare itatuwa na ɗan lokaci, amma ya zo da illa guda: daji ya tashi daga zama na gari ya koma na hukuma, talaka kuma ya daina ganin malamin daji sai a matsayin mai kamu da tara. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, ikon sarakuna da hakimai a kan filaye ya ragu ƙwarai, alhali ma'aikatun da suka gaje su ba su da isassun ma'aikata ko abin hawa. Sai daji ya zama ba shi hannun gari, ba shi hannun gwamnati.

A daidai wannan lokaci ne bukatu suka yi yawa. Farin 1973 da na 1984 sun tura manoma da makiyaya zuwa bakin ruwa. Ƙananan injinan ban ruwa, waɗanda shirin Fadama na Bankin Duniya ya ƙara yaɗawa daga shekarun 1990, sun sa kowane taƙi na gaɓa ya yi daraja. Birane sun buɗe baki suna neman itace da gawayi. Daga bisani haƙar zinariya ta shigo da nata ramuka da wanke-wanke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: dazuzzukan da aka bari ba mai kula, irin su Gando a ƙasar Bukkuyum da na Bagega a ƙasar Anka da Kuyambana a ƙasar Maru, su ne suka zama mafakar 'yan bindiga. Ashe sakaci da daji ba itace kaɗai yake ci ba, har da rayuka.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan al'amari. A 1968 wani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi da'awar cewa duk dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta ƙarshenta lalacewa, domin kowa zai yi rige-rigen ɗiba. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2009, ta tattara misalai daga ƙasashe da dama ta nuna cewa abin da ke lalacewa shi ne dukiyar da ba ta da mai ita. Wadda ke da iyaka sananniya, da dokar da masu amfani da ita suka tsara, da masu gadi daga cikinsu, takan daɗe ƙarni bayan ƙarni. Misalan da ke tafe sun goyi bayan Ostrom.

Darasin Haɗeja da Nguru

Ba a rasa inda jama'ar Arewa suka tashi tsaye domin ceto wurin da aka keɓe a bakin kogi ba. Misali mafi kusa da batun wannan lacca yana gabas, a dausayin da Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are ke malalawa tsakanin Jihar Jigawa da Jihar Yobe. A cikinsa ne gandun Baturiya yake, da mafakar tsuntsaye ta Dagona, inda tsuntsayen ruwa ke sauka daga Turai kowace shekara. An sa Tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na Yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya kuma a 2008.

Lalacewar wannan dausayi daga sama ta faro. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a Jihar Kano. Kafin nan kogin yakan cika da damina ya janye da rani. Bayan gina madatsun sai ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan yanayi shi ne ya dace da wata doguwar ciyawa da mutanen wurin ke kira kacalla. Ta toshe hanyoyin ruwa irin su Burum Gana da Kafin Hausa, ta karkata yawancin ruwan zuwa mashigar Marma ta wajen Nguru. Sakamakon haka wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma suka rasa ko na ban ruwa. Daɗin daɗawa, tsuntsayen jan-baki suka sami wurin kwana a cikin kacalla, suna fita suna cinye shinkafa da gero.

A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare halittu na gida da na waje. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka auna amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa, abin da noma da su da itace ke bayarwa a dausayin ya ninka abin da babban aikin ban ruwa na Kogin Kano ke bayarwa. A shekarun 2000, da taimakon wani shiri na gwamnatin Ingila, garuruwan da ke bin hanya ɗaya ta ruwa suka riƙa haɗuwa suna aikin gayya, suna shiga da jirage da lauje suna yanke kacalla. An lura cewa idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa takan shaƙe ta mutu, idan kuwa aka yanke ta a sama ko aka ƙone ta, sai ta sake tohowa. Inda aka buɗe hanya ruwa ya koma, noma da su suka dawo.

Amma fa aikin gayya bai isa shi kaɗai ba, domin mabuɗin ruwan yana Tiga da Challawa. Wannan ne ya sa gwamnonin jihohi shida, watau Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka haɗu a Damaturu a 2006 suka kafa asusun kula da kwarin baki ɗaya. Duk da haka kacalla takan dawo duk inda aka yi sakaci. Mutanen yammacin Zamfara ba baƙin wannan darasi ba ne, domin madatsar Bakolori da aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, ta rage ambaliyar da masu noman shinkafa da masunta na ƙasa da ita suka dogara a kai, rikicin filayenta kuma ya jawo asarar rayukan manoma a 1980. Darasin shi ne, gulbi jiki ɗaya ne: abin da Anka ta yi wa gaɓarta, Gummi za ta gani a ƙofar gidanta.

Darasin Maraɗi

Tambaya ta biyu ita ce, daga ina itatuwan za su fito? An saba da bikin dashen itatuwa na shekara-shekara, inda akan dasa dubban tsirrai da damina, kafin bazara awaki da fari sun gama da yawancinsu. Amsar da ta fi inganci ta fito ne daga Hausawan Jamhuriyar Nijar.

A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Idan manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya kuma tsare su daga wuta da dabbobi, cikin 'yan shekaru sai su zama itace, domin tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga danshi. Wannan dabara ita ce ake kira sassabin zamani. Ta fara yaɗuwa a lokacin yunwar 1984, manoma kuma suka ci gaba da koya wa juna.

Abin lura shi ne dabarar ba ta kankama ba sai da hukuma ta sassauta. A dā itacen da ke cikin gona na gwamnati ne, manomi na iya shan tara idan ya sare shi, don haka ba ya ganin dalilin renonsa. Da aka fara barin manomi ya ci moriyar abin da ya rena, aka kuma gyara dokar daji a 2004, sai gawo da kalgo da sabara suka cika gonaki. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye mutane suka kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa da mata da makiyaya. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na dā da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Kwarin Gulbin Zamfara ya fi Maraɗi samun ruwan sama, saboda haka duk inda kututture ya rage a gaɓa, akwai abin da za a fara da shi.

Darasin Cikin Gida

Mai yiwuwa wani ya ce mutanen wannan yanki ba su saba da irin wannan aiki ba. Tarihin kwanan nan ya ƙaryata haka. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Magani ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙasa mai guba, don haka tilas aka fara da gyaran ƙasar.

Daga tsakiyar 2010 zuwa farkon 2011 aka tsabtace ƙauyuka bakwai, aka fara da Dareta da 'Yargalma, sa'an nan Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Bagega kuwa sai a 2013 aka yi nata, bayan jinkirin sakin kuɗi daga Gwamnatin Tarayya. Ƙwararru daga waje sun kawo na'urar awo, amma mutanen ƙauyukan ne suka kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, gida bayan gida, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. Sarakuna ne suka ba da umurnin a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, suka kuma buɗe ƙofar shiga gidaje. An kuma ga cewa inda aka koma niƙa a gida, guba ta dawo. Wannan ya tabbatar da cewa gyaran da bai kula da hanyar cin abincin mutane ba, ba ya ɗorewa.

Sharuɗɗan Aiki

Idan aka haɗa waɗannan darussa za a fitar da sharuɗɗa shida waɗanda ya kamata ma'aikacin gwamnati da ɗalibi su riƙe.

Na ɗaya, a shata iyaka a bainar jama'a. Hakimi da dagaci da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo su taka gaɓa tare, a tsayar da faɗin hurumin da ba za a nome ba, a bar mashaya da burtali a buɗe. Hurumin da ya toshe wa shanu hanyar ruwa rigima zai haifar.

Na biyu, a rubuta hakki. Ƙaramar hukuma da ma'aikatar gandun daji su sa hannu a takardar da ta nuna cewa itace da 'ya'yan itace da ciyawa da kifin wurin na jama'ar da suka rene su ne, kuma ba za a yanka wa wani mai hali filin ba bayan ya farfaɗo.

Na uku, a fara da abin da ke akwai. A rena kututture, a kafa jema da gamba a inda gaɓa ke zaizayewa, a ajiye dashe sai wurin da ba sauran saiwa, a kuma fifita itatuwan gida.

Na huɗu, a sa amfani ya zo da wuri. Reshen da aka datse itacen girki ne ga mata, ciyawar da aka yanka da kaka abincin dabbobi ce da rani, gurbin da aka hutar kuma yakan biya masunci da kifi manya. Manomin da ya janye daga gaɓa shi ya fi cancanta da rabo na farko.

Na biyar, doka ta kasance mai sauƙi, hukunci kuma daki-daki: gargaɗi, sa'an nan tara, sa'an nan kotu. A hana su da guba da taru mai ƙananan idanu, a keɓe wa masu wanke zinariya wuri nesa da gulbi da mashaya.

Na shida, garuruwan sama da na ƙasa su riƙa zama tare, daga Anka har Gummi, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin abin da ya fi ƙarfin gari, musamman tsaro. Ba mai renon itace a inda ba ya iya zuwa gonarsa. Saboda haka hikima ita ce a fara da gaɓar da ke jikin gari, a riƙa faɗaɗawa gwargwadon yadda zaman lafiya ya samu.

Kammalawa

Kafofin taimako suna nan. Zamfara tana cikin jihohi goma sha ɗaya na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, tana kuma cikin jihohin Arewa da shirin ACReSAL ya shafa, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 da dala miliyan 700. Sai dai kowane shiri yana da ranar ƙarewa, itacen kurmi kuwa yakan ɗauki shekaru kafin ya yi inuwa. Don haka ma'aunin nasarar ma'aikaci ba yawan tsirran da ya raba ba ne. Abin da za a tambaya bayan shekara goma shi ne ko kwamitin gari yana zama, ko takardar hakki tana aiki, ko kuma gaɓar da aka shata tana nan da itatuwanta. Ɗaliban jami'a kuwa suna da aikin da ke jiransu: auna gaɓa, da ƙirga kututture, da rubuta dokokin Sarkin Ruwa daga bakin dattawan da suka san su tun suna raye.